Wa Ke da Ikon Shiga Falon Hutawa a Filin Jirgi?

Duk wanda ya taɓa yada zango a filin jirgin Addis Ababa ko Alƙahira ko Doha ya san wahalar jira. Mutum ya shafe sa'o'i a kan kujera mai tauri, jaka tsakanin ƙafafu, ana rububin wurin cajin waya. Can gefe guda kuma ga wata ƙofa da ma'aikaciya a bakinta tana duba katin shiga jirgi. Ciki akwai abinci da shayi kyauta, da intanet, wasu ma har da wurin wanka. Yawancin matafiyanmu sun ɗauka wurin na masu mulki ne da attajirai. Ba haka ba ne. Ƙa'idoji ne rubutattu, kuma da yawa daga masu wucewa ta gaban ƙofar sun kusa cika su ba su sani ba.

Asalin abin dai na gata ne. Kamfanin American Airlines ne ya buɗe falo na farko a filin LaGuardia na birnin New York a 1939, kuma sai wanda aka gayyata ke shiga. Cikin abubuwan da suka faɗaɗa ƙofar akwai ƙawancen kamfanonin jirage: Star Alliance a 1997, Oneworld a 1999, SkyTeam a 2000. Yawancin jiragen da muka fi hawa suna cikinsu. Ethiopian da EgyptAir da Turkish 'yan Star Alliance ne. Qatar Airways da Royal Air Maroc na Oneworld. Saudia da Air France da Kenya Airways kuma na SkyTeam. Emirates ba ya cikin ko ɗaya.

Hanyar da kowa ya sani ita ce sayen tikitin bizines ko na aji na farko. Amma ko nan a yi hattara, domin Qatar da Emirates duk suna da bizines mai rahusa wanda ba a haɗa da falo ba: kujerar taka ce, amma a ƙofa za a mayar da kai. A dokar Star Alliance ma, tikitin bizines kai kaɗai yake shigarwa, ban da mai ɗakinka in tana ikonomi.

Hanya ta biyu ce ta fi damuna, don ita ake asara a banza. Kowane babban kamfani yana da tsarin tara maki ga mai yawan hawa jirginsa, kuma rajista kyauta ce. Wanda ya kai matakin Gold a tsarin ShebaMiles na Ethiopian, alal misali, yana iya shiga falon ƙawancen Star Alliance a Istanbul ko Alƙahira ko Frankfurt ko da tikitinsa na ikonomi ne, muddin a jirgin ƙawancen zai tashi. Zai kuma shiga da baƙo ɗaya, in jirginsu ɗaya. Oneworld na ba da kwatankwacin haka a matakin Sapphire, SkyTeam kuma a Elite Plus.

To, dubi ɗan kasuwar Kwari ko Wambai da ke zirga-zirgar Guangzhou da Dubai shekara da shekaru. Ejan ne ke yankar masa tikiti, yau wannan kamfani, gobe wancan, duk inda aka sami sauƙin 'yan daloli, kuma ba a taɓa sa masa lambar tara maki ba. Guminsa ya saya masa wurin hutawa, amma ba a rubuta da sunansa ba. A ganina wannan sakaci ne da ejan-ejan ke da babban kaso a ciki.

Akwai kuma masu shiga da kuɗinsu, ko da katin Priority Pass, wanda aka kafa a 1992, yake kuma aiki a falo fiye da 1,000 a duniya. Wasu bankuna na haɗa shi da manyan katunansu. Sai dai mai wannan kati shi ake fara dakatarwa in falo ya cika, kuma wurare da dama ba sa barin zama ya wuce awa 3. Cunkoson ya kai har kamfanin jirage na Delta a Amurka ya taƙaita yawan shigar masu wasu katunan American Express daga 2025.

Tarko ɗaya da ke kama har tsofaffin matafiya shi ne tikitin haɗin gwiwa, inda sunan wani kamfani ke kan takarda alhali jirgin na wani ne. Galibi mai jirgin ake dubawa, ba wanda ya sayar da tikitin ba.

Saboda haka mai yawan tafiya ya zaɓi ƙawance guda ya tsaya a kansa, ya yi rajista da sunansa yadda yake a fasfo, kuma kada ya karɓi tikiti daga hannun ejan sai ya ga lambarsa a jiki.