Saba Ɗaya, Masu Haya Talatin: Wa Ke Leƙa Bayanan Wa?

Tun da hukumar NITDA ta fitar da manufarta ta shekarar 2019, wadda ta nemi ma'aikatun gwamnati su fifita hayar wurin ajiye bayanai a kan sayen na'urorin kansu, wata magana ta ƙi mutuwa a ofisoshi. Wai idan ka yi hayar saba, ba taka ba ce kai kaɗai, yayyanka ta aka yi aka raba wa mutane da yawa. Saboda haka takardun albashin ma'aikatanka suna cuɗe da na wani mai sayar da takalma a Legas, kuma duk ranar da ya bushi iska zai buɗe ya karanta. Rabin farko na maganar gaskiya ne. Rabi na biyu kuwa shi ke sa ana ɓarnar kuɗin jama'a.

Lallai ana yanka ta. Ana ɗora wata 'yar manhaja da ake kira haifabaiza a kan na'urar, ita kuma ta kasa ƙarfinta kashi-kashi: wannan ya sami ƙwaƙwalwa biyu da ram gigabait huɗu, wancan ya sami takwas. Kowane kashi yana ɗaukar tsarinsa daban, wani Windows, wani Linux, kuma kowanne yana zaton shi kaɗai ne a kan na'urar. Wannan kashin ne 'yan kasuwa ke sayar maka da sunan VPS. Ba kuma sabon abu ba ne. Kamfanin IBM ya fara shi a manyan kwamfutocinsa tun shekarun 1960, ya fito da VM/370 a 1972. VMware, da aka kafa a 1998, shi ya kawo dabarar kan kwamfutocin gama-gari, sai Xen daga Jami'ar Kambirij a 2003. A 2005 da 2006 Intel da AMD suka dasa ta a cikin ƙwaƙwalwar kwamfutar kanta. A kan Xen ne Amazon ya fara ba da hayar saba a 2006.

To, yaya maƙwabci ba zai leƙo ba? A ɗauki gidan haya mai ɗakuna talatin, rijiya ɗaya, mita ɗaya, da wakilin mai gida da ke riƙe da makullai, wato haifabaiza. Sai dai wannan gida ba shi da tsakar gida. Duk abin da ɗan haya yake so, ta hannun wakili zai bi. Idan tsarin da ke kashinka ya ce a ɗauko masa abin da ke ma'aji na ɗaya, wakili zai duba littafinsa ya ga cewa naka na ɗaya yana lamba dubu tara a ainihin na'urar, ya ɗauko maka daga can. Maƙwabcinka ma yana da nasa na ɗaya, amma littafin yana kai shi wani wuri daban. Ba wai an kulle masa ƙofarka ba ne. Ba shi ma da lambar da zai ambata a kai shi ɗakinka. Ruwan rijiya kuwa, wato ƙarfin ƙwaƙwalwa, bi da bi ake ba da guga, amma cikin gaggawar da ta fi ƙiftawar ido, har kowa yana jin kamar gugan bai taɓa barin hannunsa ba.

Bango ya taɓa tsagewa, ba a musun haka. A 2015 an gano wata ɓaraka da aka sa wa suna VENOM, a Janairun 2018 kuma aka bayyana Meltdown da Spectre, waɗanda lahaninsu ke cikin ƙirar ƙwaƙwalwar kanta. Manyan kamfanonin haya suka yi ta sabunta na'urorinsu ba dare ba rana. Amma cin moriyar irin wannan ɓaraka aikin gwanaye ne. Ɓarawon da ke son bayanan ofishinka ba zai wahalar da kansa haka ba, alhali kalmar sirrin shugaban sashe sunan ɗansa ce da shekarar haihuwa.

Abin da ya kamata ɗan haya ya yi ƙorafi a kai shi ne cunkoso. Mai gida mai haɗama yakan sayar da kaso fiye da abin da na'urar za ta ɗauka, yana lissafin cewa ba kowa zai buƙaci ruwa a lokaci guda ba. Ranar da wani ya tashi babban aiki, sai shafinka ya riƙa jan ƙafa. Mai amfani da Linux zai iya kama wannan da kansa: ya rubuta umarnin top, ya duba wajen sama inda aka rubuta st. Lambar da ke nan tana nuna lokacin da kashinka ya tsaya a layi yana jiran a ba shi dama. Idan kullum tana sama, an cika gidan fiye da kima, sai a tashi.

Duk da haka za ka shiga ofis ka tarar da ɗan ɗaki mai na'urar sanyaya iska, akwatuna uku suna ta gurnani: ɗaya na imel, ɗaya na albashi, ɗaya kuma an manta aikinsa amma ba mai ƙarfin halin kashe shi. Yawanci ko kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfinsu ba a taɓawa, amma janareto yana shan dizal dominsu duka. Akwati ɗaya da aka raba zai riƙe ayyukan ukun. Sai dai kwangilar sayen akwati tana da zaƙin da hayar wata-wata ba ta da shi, kuma akwati ana iya ɗaukar hotonsa ranar ƙaddamarwa.

Wanda ya haɗa komai a na'ura ɗaya, ya san ya ɗauki nauyin kula da ita. A Fabrairun 2023 masu garkuwa da bayanai suka afka wa dubban sabobin VMware ESXi, musamman a Faransa, ta wata ƙofa da kamfanin ya fitar da maganinta tun shekaru biyu kafin nan. Masu na'urorin ne ba su sabunta ba, kuma da aka kama wakili sai ɗakuna duka suka tafi tare. A Maris na 2021 ma gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin OVH a birnin Sitirasbog. Wasu masu hayar sun yi kwafin bayanansu kamar yadda ake ta wa'azi, amma kwafin yana harabar da ta ƙone.