Gwajin Ƙwayoyin Halitta Don Neman Asali: Abin Lura Kafin A Saya

Sanin asali abu ne mai daraja a addininmu, domin da shi ake sada zumunci, ake raba gado, ake gane wanda ya halatta a aura. A yanzu kamfanonin ƙasashen waje suna sayar da kayan gwajin DNA, wanda Faransawa ke kira ADN. Mutum zai tofa yawu cikin 'yar kwalba ko ya goga auduga cikin kuncinsa, ya aika musu, bayan wasu makonni sakamako ya iso masa ta intanet. Ya kamata mai gida ya san abin da wannan gwaji ke iyawa kafin ya fitar da kuɗinsa.

Gwajin iri uku ne. Na farko yana bin ƙwayar Y, wadda namiji kaɗai ke gada daga mahaifinsa, saboda haka layin uba kawai yake nunawa. Na biyu yana bin abin da kowa ke gada daga mahaifiyarsa, wato layin uwa da kaka mace har can baya. Na uku, wanda aka fi saye, yana duba gadon ɓangarorin biyu, amma ƙarfinsa yana raguwa bayan kakanni biyar ko shida, domin mutum yana samun rabi daga kowane mahaifi, kusan rubu'i daga kowane kaka, haka abin ke ta raguwa. Kamfanin FamilyTreeDNA na Amurka, wanda ya fara aiki a 2000, yana yin duka ukun. AncestryDNA da MyHeritage na ukun suke yi. African Ancestry kuwa, wanda aka kafa a 2003, ya fi mayar da hankali ga layin uba da na uwa. Don haka mai saye ya fara tantance tambayarsa, sannan ya zaɓi gwajin da ya dace da ita.

Sai a lura cewa alƙaluman da ake ba mutum, kashi kaza daga ƙasa kaza, kirdado ne. Ana kwatanta yawunsa ne da na mutanen da kamfanin ya riga ya tara, kuma mafi yawansu Turawa ne. Shi ya sa sakamakon Bahaushe yakan zo a dunƙule, yakan kuma sauya idan kamfanin ya sabunta lissafinsa. Duk da haka akwai ilimi a ciki. Binciken da Fulvio Cruciani da abokan aikinsa suka wallafa a 2010 ya nuna cewa wani reshe na ƙwayar Y mai suna R1b-V88 ya yawaita a tsakanin masu harsunan yankin Tafkin Cadi, dangin da Hausa ke cikinsa. Wannan labari ne na dubban shekaru. Ba zai faɗa maka sunan kakanka ko garin da ya taso ba, ba zai kuma ba ka shaidar sharifta ba.

Babban abin tsoro shi ne fitinar da sakamakon kan shigar cikin gida. Shari'a ta jingina ɗa ga mijin mahaifiyarsa muddin an haife shi cikin aure. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami, a zamanta na 16 a Makka cikin Janairun 2002, ta hana a yi amfani da wannan gwaji don kore nasabar da ta tabbata, ko don sake bincikar ta, ko a gabatar da shi a kan li'ani. Ta halatta shi a wurare irin su rikicewar jarirai a asibiti da jayayya kan yaron da ba a san nasabarsa ba. Wanda zargi ya tura shi sayen kwalbar, to ya ji tsoron Allah.

Akwai kuma batun amana. Yawunka yana ɗauke da sirrin 'ya'yanka da 'yan'uwanka, alhali ba ka nemi izininsu ba. A 2023 ɓarayin intanet sun kai ga bayanan mutum kusan miliyan 6.9 a kamfanin 23andMe, a watan Maris na 2025 kuma kamfanin ya shigar da takardar karyewar arziki a kotu. Saboda haka a karanta sharuɗɗa, a tabbatar ana iya neman a goge bayanai a kuma lalata yawun. 'Yan'uwanmu mazauna Faransa su sani dokar ƙasar ta hana irin wannan gwaji in ba da dalilin likita ko bincike ko umarnin kotu ba, tararsa kuwa yuro 3,750 ce.

Shawararmu ita ce a fara da dattawan gida tun suna raye. A zauna gabansu da takarda da alƙalami, a rubuta sunayen kakanni da garuruwansu da kirarin zuriya, a duba bayan tsofaffin littattafai inda malamanmu kan rubuta haihuwa da rasuwa da ajami. Wanda ya yi wannan, sannan ya shawarci iyalinsa suka yarda, babu laifi ya ƙara da gwajin. Allah Ya sa mu dace, Ya ƙara mana zumunci. Amin.