Mai Neman Aiki Shi Ma Yana Da Tambaya

Kowace shekara, da an gama girbi an kai hatsi rumbu, samarinmu sukan tafi cin rani. Da yawansu Kano suke nufa. Waɗansu sukan sauka wajen 'yan'uwa a Goron Dutse, unguwar nan da ke gindin dutse a yammacin birni, cikin ganuwa. Daga nan suke fita da sassafe neman aiki. Wani ya nufi wurin gini, wani ya hau mota zuwa masana'antun Sharada, ko Bompai, ko Challawa.

In an kira mutum gaban mai aiki, akan tambaye shi sunansa, da garinsu, da wanda zai tsaya masa. Shi kuwa sai ya sunkuyar da kai ya amsa. Da an ce ya zo gobe, sai ya yi godiya ya fita. Bai tambayi kome ba, don kunya, ko don tsoron kada a ce ya cika baki. Sai ƙarshen wata ya yi, rigima ta tashi. To, jama'a, matambayi ba ya ɓata. Ladabi dabam, shiru dabam. Mutum yana iya rusunawa ya ce, "Ranka ya daɗe, ina da 'yar tambaya."

Abin da za a fara tambaya shi ne kuɗi. Nawa ne? Kullum za a biya, ko mako-mako, ko wata-wata? Wa zai biya? Wannan ta ƙarshen mu lura da ita ƙwarai. Sau da yawa wanda ya ɗauke ka ba shi ne mai wurin ba, ɗan kwangila ne. Ran da kuɗi suka maƙale, mai wurin ya ce bai san ka ba, ɗan kwangila kuma ya ce ba a biya shi ba. Ka ga an bar ka a tsakiya ke nan. Saboda haka a san mai biya tun ranar farko.

Akwai Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, wadda aka yi a 1974. Ta shafi leburori da masu aikin hannu da akawuna. Ta ce kada lokacin biyan albashi ya wuce wata guda. Ta ce kuma duk abin da za a yanke daga albashin mutum kada ya haura kashi ɗaya cikin uku na wannan watan. Watau mai naira 60,000 ba za a yanke masa fiye da 20,000 ba. Don haka ka tambaya, "In wani abu ya fashe a hannuna, yaya ake yi?" A 2024 kuma gwamnatin tarayya ta sa mafi ƙarancin albashi ya zama naira 70,000 a wata. Amma wannan bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Mai ƙaramin shago ba ya ciki, sai dai abin da kuka daidaita.

Sai maganar lokaci. Ƙarfe nawa ake farawa, ƙarfe nawa ake tashi? Akwai aikin dare? In an wuce lokaci, ana ƙara wani abu? Doka ta ba ma'aikaci hutun rana ɗaya cikin kowane kwana 7. Wanda ya cika wata 12 yana aiki, yana da hutun kwana 6 na aiki a ƙalla, da cikakken albashi. Mu mutanen ƙauye muna da wata tambaya wadda ɗan birni ba shi da ita: "In damina ta faɗi zan koma gona. Kwana nawa zan sanar kafin in tafi?" Doka ta tsara wannan. Wanda bai wuce wata 3 ba, kwana ɗaya ne. Daga nan har ƙasa da shekara 2, mako ɗaya. Daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, mako 2. Shekara 5 ko fiye, wata guda. Haka shi ma mai aiki zai sanar in zai sallame ka.

Kada a manta da lafiyar jiki. Inji ba ya san mai shi ba, balle baƙo. Ka tambaya ko ana ba da takalmi da safar hannu, kuma wa zai biya magani in mutum ya ji ciwo a bakin aiki. Tun 2010 akwai dokar diyya ga wanda ya ji rauni wajen aiki, kuma mai aiki ne ke zuba kuɗin asusun, ba lebura ba. Mai ciwo kuma, in likita ya ba shi takarda, ana biyansa har kwana 12 cikin shekara.

Yanzu ga inda karatunmu zai yi amfani. Doka ta ce kafin wata 3 su wuce, mai aiki ya ba ma'aikaci takarda. A cikinta a rubuta sunan mai aiki, da irin aikin, da albashi, da lokutan aiki, da hutu. To, ka tambaya, "Yaushe za a ba ni takardata?" In an miƙo maka wata takarda aka ce ka dangwala yatsa, kada ka yi gaggawa. Karanta ta tukuna, ko da a hankali ne, baƙi bayan baƙi. Duba lambar kuɗin, ka ga ko ta yi daidai da abin da aka faɗa da baki. In da Turanci take, ka nemi izini ka kai wa wanda ka amince da shi ya fassara maka. Mai gaskiya ba zai hana ka ba.

In an ba ka taka, ka adana ta cikin leda, kada ruwa ya taɓa ta. Ran da gardama ta tashi, ita za ka ɗauka ka kai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke Kano.