Masana'antun Challawa da neman ciniki ta shafin LinkedIn

A rukunin masana'antu na Challawa da ke ƙaramar hukumar Kumbotso a jihar Kano, manyan kamfanonin jima suna sarrafa fatun awaki da na tumaki ne galibi domin masu saye da ke ƙetare, musamman a Italiya da Sifen.

Nisan da ke tsakanin majemi da mai saye ba sabon abu ba ne. A zamanin fataucin Sahara, fatar jar akuyar Sakkwato da aka jeme a ƙasar Hausa kan isa Turai da sunan fatar Maroko, domin ta can Turawa ke samunta. Sunan mai kayan kan ɓace a hanya.

Wannan giɓin ne shafukan sada zumunta na ma'aikata da 'yan kasuwa ke iya ragewa. Mafi girma a cikinsu shi ne LinkedIn, wanda Reid Hoffman da abokansa suka buɗe a Amurka a watan Mayun 2003. Kamfanin Microsoft ya saye shi a 2016 a kan dala biliyan 26 da miliyan 200, kuma a 2023 masu rajista a shafin suka haura biliyan ɗaya.

Bambancinsa da Facebook shi ne, mutum kan bayyana aikinsa ne, ba rayuwarsa ba: inda ya yi karatu, wuraren da ya yi aiki, da abin da ya ƙware a kai. Shafin kuma kan nuna wanda ya san wani a tsakanin mutane biyu, ta yadda za a iya neman a gabatar da mutum maimakon ya yi sallama a ƙofar da ba a san shi ba.

Ga mai fitar da fata, amfanin a fili yake. Babban baje kolin fata na Lineapelle da ake yi a birnin Milan sau biyu a shekara yana buƙatar biza da kuɗin waje masu yawa. Amma daga ofis a Challawa ana iya gano jami'in da ke sayo wa wani kamfanin takalma fata, a san sunansa da muƙaminsa, a aika masa bayanin kaya kai tsaye.

Haka nan ga matasa masu neman aiki a Sharaɗa ko Bompai, inda sau da yawa ake jin labarin gurbi ta bakin ɗan'uwa ko maƙwabci. Wanda ya kammala Jami'ar Bayero, ko cibiyar nazarin fasahar fata da ke Zariya, na iya nuna injinan da ya taɓa sarrafawa, tsohon shugabansa kuma ya rubuta masa shaida a ƙarƙashin sunansa. Irin wannan shaidar ta fi dogon jerin takardu nauyi a wurin mai ɗaukar ma'aikata.

To sai dai shafin ba dillali ba ne. A al'adar kasuwancin Kano, dillali ko mai masaukin fatake kan tsaya wa baƙo, idan ciniki ya lalace a san wanda za a riƙe. LinkedIn yana haɗa mutane ne kawai, ba ya lamunin kowa, kuma 'yan damfara kan buɗe shafukan bogi da sunan masu saye, ko su tallata aikin da babu shi su nemi kuɗin rajista.

Shi ma mai saye na Turai yana da nasa shakkun. Zai so ganin lambar rajistar kamfani ta hukumar CAC, da takardar hukumar bunƙasa fitar da kaya ta NEPC, sannan ya nemi samfur kafin a kai ga maganar banki. Manyan kamfanonin kayan ƙawa kuma kan tambayi yadda ake tace ruwan dattin jima, batun da ya daɗe yana jawo koke daga mazauna gaɓar kogin Challawa.

Akwai kuma shingen harshe. Mu'amala a shafin galibi da Turanci ake yinta, don haka ƙananan majema da dillalan fata na Ƙofar Wambai sun fi dogaro da wayar salula da WhatsApp, inda saƙon murya da hoton kaya kan wadatar.