Dokar Kayan Gini ta Kalifoniya Ta Tsallake Siminti

Tun kafin a aza tubalin farko, gini ya riga ya ci bashin hayaƙi, domin sarrafa siminti kaɗai na fitar da kimanin kashi 8 cikin 100 na iskar kabon a duniya.

A 2017 Gwamna Jerry Brown na Jihar Kalifoniya, a Amurka, ya rattaba hannu kan dokar ƙayyade hayaƙin da ake fitarwa wajen sarrafa rodi, ƙarfen gini, gilashi da allunan tare zafi, muddin gwamnatin jihar ce mai saye. Daga Yulin 2022, tilas ɗan kwangila ya gabatar da takardar shaida daga masana'anta, in kuwa kayansa suka zarce ma'auni, a ƙi karɓarsu.

Abin mamaki, siminti, wanda shi ne uban tafiyar, bai shiga jerin ba.