Furen okid: Nau'o'i huɗu da suka fi farin jini da abin da ke kashe su

Akwai nau'in furen okid kusan 28,000 a duniya, amma kaɗan ne suka mamaye kasuwa.

Phalaenopsis, ɗan asalin kudu maso gabashin Asiya, shi ya fi shiga gidaje. Ba ya son zafin rana kai-tsaye, kuma furensa kan yi wata biyu zuwa uku bai bushe ba.

Dendrobium kuwa shi ne Tailan ke yawan fitarwa zuwa ƙasashen waje. Vanda na son haske sosai, ana rataye shi a kwando saiwarsa a fili. A 1981 Singafo ta zaɓi wani nau'insa a matsayin furen ƙasa. Cattleya ya yi fice da manyan furanni masu ƙamshi, kuma daga cikinsa Kolombiya ta ɗauki nata furen ƙasar.

Sai dai akasarin waɗannan a jikin bishiya suke rayuwa a daji, saiwarsu na shan iska. Wanda ya dasa su a ƙasar lambu yana ban ruwa kullum, saiwar ruɓewa za ta yi, kuɗinsa su tafi a banza.

A dasa su cikin ɓawon itace, gawayi ko ɓawon kwakwa, a tukunya mai huji. Kada a ƙara ruwa sai abin da aka dasa su a ciki ya kusa bushewa.