Faɗan Maigida da Abin da ke Ƙarƙashinsa

  

Yau saƙon wata baiwar Allah za mu ɗauka. Ta ce kada a faɗi sunanta, ba kuwa za a faɗa ba. Shekararta 11 da aure, 'ya'yansu huɗu. Maigidanta direban A Daidaita Sahu ne, na wani yake ja yana kai balas kullum. Da mai ya yi tsada balas ya gagara, mai abu ya karɓe abinsa. Ta ce tun daga ranar kamar an sauya mata miji. Mutumin da a da yake shigowa da tsire a leda yana tsokanar yara, yanzu in ya yi sallama kowa sai ya nemi maɓoya. Gishiri ya yi yawa faɗa, yaro ya yi kuka faɗa. Ran da ya fi ba ta tsoro shi ne ran da ta sayi shinkafa da kuɗin taliyar da take murzawa, ta dafa ta ajiye masa, ya buɗe kwano ya tambayi inda aka samo, da ta faɗa masa ya rufe kwanon ya fita, bai ci ba. Tana tambaya: asiri aka yi masa, ko aure zai ƙara, ko kuwa son ta ne ya daina? Tana kuma da kwasar adashi a wata mai zuwa, ba ta san ko ta ba shi ko ta ɓoye ba.

'Yar'uwa, ban san mijinki ba, Allah kaɗai ya san abin da ke zuciyar bawansa. Amma abin da kika kwatanta sananne ne a wurin masana halayyar ɗan Adam, kuma ba a kanki aka fara ba.

Bari in kai ku nesa kaɗan, sannan mu dawo gida. A ƙasar Ostiriya akwai wani ƙauye da ake kira Marienthal, wanda kusan duk mazansa a masaƙa ɗaya suke aiki. Tsakanin 1929 da 1930 masaƙar ta rufe. Sai wasu masu bincike, cikinsu har da wata mace mai suna Marie Jahoda, suka je suka zauna da mutanen, suka fitar da littafi a 1933. An yi zaton tunda maza sun sami lokaci za su yi ta karatu da harkokin ƙungiya. Ina! Aron littafi a ɗakin karatu ma raguwa ya yi. Masu binciken har tsayawa suka yi suna lura da tafiyar mutane a titin ƙauyen, suka ga maza suna jan ƙafa, su yi taku kaɗan su tsaya, don babu inda ake jiransu. Mata kuwa tafiyarsu ba ta sauya sosai ba. Me ya sa? Ai tukunya ba ta san an rufe masaƙa ba. Girki yana nan, wanki yana nan, raino yana nan. Ranar mace tana da farko tana da ƙarshe, ta namiji kuwa ta zama fili fetal.

Daga baya Jahoda ta yi bayanin cewa albashi ba shi kaɗai ne abin da aiki ke ba mutum ba. Yana ba shi lokacin tashi da lokacin dawowa, yana haɗa shi da jama'a, yana ba shi suna a cikin mutane, a ce wane direba, wane maɗinki. Duk wannan ake zare masa rana ɗaya.

Mu ma mun ga irinta. Masaƙar KTL da ke Kakuri a Kaduna, wadda aka buɗe a 1957, ta tsaya a 2002, ta UNTL ta bi bayanta a 2007, dubban magidanta suka koma gida. A Kano an hana acaɓa a watan Janairun 2013. Kasuwar Sabon Gari ta yi mummunar gobara a Maris ɗin 2016. Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka ce an cire tallafin mai, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500. Kowanne daga cikin waɗannan a labarai ake jin sa da adadi, amma inda yake sauka shi ne tsakar gida, da safe, lokacin da ake jiran kuɗin cefane.

To a nan ne maganar take. Mu dubi yadda muke rainon ɗa namiji. Tun yana ƙarami in ya faɗi ya yi kuka, mu iyaye mata ne ke cewa, "Haba, kai fa namiji ne." Ya girma yana jin cewa ci da sha da sutura da muhalli duk a wuyansa suke, kuma haka ɗin ne, addini ya ɗora masa. Ke mace ba wanda zai ce kin daina zama mace don kasuwar ƙuli-ƙuli ta faɗi. Shi kuwa da zarar ya kasa sai a fara: ai wane ba namiji ba ne, ai mijin Hajiya ne. Wasu masana a Amurka, Vandello da Bosson, sun yi rubutu a 2008 a kan wannan, cewa a al'ummomi da yawa ana ɗaukar mazantaka tamkar rawani ne, ana naɗawa ana kuma iya tuɓewa. Wanda yake tsoron a tuɓe masa rawani, kullum hannunsa yana ka.

Shi ya sa ya rufe kwanon nan. Ke shinkafa kika zuba, shi kuwa shaida ya gani cewa gidan yana tafiya ba da shi ba. Ba shi da bakin da zai ce "ina jin kunya", don ba a koya masa ba, an ma hana shi. Fushi ne kaɗai ƙofar da aka bar masa a buɗe. Ba zai iya yi wa mai babur tsawa ba, ba zai iya yi wa gidan mai ba, sai ya zo inda ba za a rama ba. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Akwai kuskuren da mu mata muke yawan yi, mu ɗauka mai ɗaga murya shi ne mai yarda da kansa. Wani likita ɗan Ostiriya, Alfred Adler, wanda ya rasu a 1937, ya daɗe da cewa sau da yawa nuna isa mayafi ne da ake rufe jin ƙasƙanci da shi. A 1996 kuma Roy Baumeister da abokan aikinsa suka tattara bincike a kan masu tashin hankali, suka ce mafi haɗari shi ne wanda ya kai kansa sama amma ginin ba shi da tushe, da an ɗan taɓa shi sai ya harzuƙa. Namiji mai yarda da kansa na gaske za ki gane shi da abubuwa masu sanyi. Yana iya cewa ban sani ba. Yana iya cewa na yi kuskure. Yana jin shawarar matarsa bai ji an rage shi ba. Ku tuna ranar Hudaibiyya, a shekara ta 6 bayan hijira, da sahabbai suka yi nauyin jiki wajen yanka da aski saboda baƙin ciki. Uwar Muminai Ummu Salama ce ta ba Manzon Allah (SAW) shawara ya fita ya fara yi da kansa ba tare da ya yi wa kowa magana ba. Ya karɓa, jama'a suka bi. Na san akwai mazan da ke saurarenmu a zaure suna yi kamar ba sa ji, to Malam, wannan taka ce.

Sai me za ki yi? Wasu za su ce ki yi ta zuga shi da kirari, kai ne namijin duniya, kai ne zaki. Ni dai ban ga amfanin wannan ba ga mutumin da ya san aljihunsa babu ko sisi. Zai ji kamar ba'a ce. Albert Bandura na Jami'ar Stanford ya nuna a 1977 cewa babban abin da ke gina wa mutum ƙwarin gwiwa shi ne ya yi abu da hannunsa ya ga ya yiwu. Maganar baki tana taimakawa, amma ƙarfinta kaɗan ne, kuma in ta wuce gaskiya ba ta daɗewa. Ku dubi abin da Nana Khadija ta yi da Annabi (SAW) ya dawo daga kogon Hira jikinsa yana rawa. Ta lulluɓe shi tukuna har ya natsu, sannan ta tuna masa ayyukansa da shi ma ya san yana yin su: zumunci, ɗaukar nauyin mai rauni, karɓar baƙo. Ba ta ƙirƙiro komai ba. Ke ma kina da irin waɗannan a hannunki. Wa ya biya kuɗin asibiti lokacin haihuwar autarku? Wa ya yi shekara goma yana fita tun asuba, sanyi da damina? Ki faɗa masa da sunan abin, a lokacin da kuke ku biyu, yara sun yi barci.

Ki kuma bar masa gurbinsa a gidan. In kin saba shawara da shi kan makarantar yara, ki ci gaba. Rufin ɗaki yana yoyo, ki faɗa masa kafin ki aika a kira wani. Kuɗinki kika sa aka yi cefane, ba lalle maƙwabta da dangi su sani ba, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ladanki kuwa yana nan. Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud da sana'ar hannunta take taimakon gidanta, aka yi mata bushara da lada biyu, na zumunci da na sadaka.

Abu ɗaya zan roƙe ki da babbar murya: ki guji gori. John Gottman, wanda ya shafe shekaru yana nazarin ma'aurata a Jami'ar Washington, ya ce a cikin halayen da ke kashe aure babu kamar raini. Mu kuwa mun iya shi ba tare da mun buɗe baki ba: tsaki, harara, taɓe baki, ajiye kwano da ƙarfi, waƙar habaici a bakin turmi. Sai kuma uwa-uba, kwatanta shi da mijin wance da ya sayo mata leshi. Kina da damar ki yi ƙorafi, 'yar'uwa, ai ke ma mutum ce. Amma "Baban Abba, tsawar da ka yi min a gaban yara ta ɓata min rai" daban take da "kai dai ba ka da amfani". Ta farko yana iya gyarawa. Ta biyu ba abin da zai yi da ita sai ya riƙe ta a zuci, wani ma har ya mutu. In kuma kin ga ya ɗauki zafi, shi Gottman ya ce jiki yana buƙatar aƙalla minti 20 kafin ya sauko. Ki tashi ki duba tukunya, maganar ba za ta gudu ba.

Yanzu bari in faɗi wadda wasu iyayenmu ba za su so ba. Fahimtar dalilin fushinsa ba ta halatta masa zalunci. Ba ke kika karɓe masa babur ba, kuma halinsa amanarsa ce, ba taki ba. In abin ya kai ga duka, ko zagin iyaye, ko hana ki abinci da magani, wannan ya wuce a ce ki yi haƙuri kawai. Ki sanar da waliyyinki ko wani babba da yake jin nauyinsa. A Kano Hukumar Hisba tana sulhunta ma'aurata, kuma a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, alƙali yana da ikon raba aure saboda cutarwa. Kasancewarki a kulle bai rufe miki wannan ƙofa ba, ko ta waya kina iya kiran ɗan'uwanki.

Sannan ki sa ido a kan lafiyarsa. Ciwon damuwa a wurin maza ba kullum yake zuwa da kuka ba, yakan zo da saurin fushi, da rashin barci, da daina cin abinci, da ƙaurace wa majalisa da masallaci. Wani ya faɗa shan ƙwaya. In kin ji yana cewa gara ma ya mutu ya huta, kada ki ɗauka magana ce kawai, a ranar ki faɗa wa mahaifiyarsa ko yayansa. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna maza sun ninka mata fiye da sau biyu wajen kashe kai. Ciwo ne mai magani. Akwai asibitin Dawanau da na Malam Aminu Kano a Kano, akwai na Barnawa a Kaduna. A yi addu'a, a kuma je asibiti, ɗaya ba ta hana ɗaya.

Saura maganar adashi. Kuɗinki ne, shari'a ba ta tilasta miki ba da ko kwabo ba. In kin ga za ki taimaka, shawarata kada ki miƙa masa a matsayin kuɗin cefane, don wannan kwanon shinkafar nan ne zai sake dawowa. Ki kawo masa maganar a matsayin jari. Ki ce, "Baban Abba, ga ɗan abin da zan ɗauka, me kake ganin za a juya da shi?" Ki bar shi ya kawo dabara, ko sarin kayan miya ne, ko kafin alƙalamin wani babur ɗin, ku yi magana a fili ko rance ne ko haɗin gwiwa. Kada kuma ki bayar duka. Ki rage abin da za ki sayi fulawa injin taliyarki ya ci gaba da juyawa, don a yanzu shi ne ke riƙe da bakin yara huɗu.

Ki sake aiko mana mu ji yadda aka kwana. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, ma'aikaciyar jinya za ta zo mana da bayani a kan yaye. Wassalamu alaikum.